Dodo da dokokin tatsuniya: abin da littattafai suka bari a waje

A hutun da ya wuce na ɗauko littafin tatsuniyoyi na karanta wa 'ya'yana labarin Dodo da rana tsaka. Ko gezau ba su yi ba, ƙaramar ma dariya ta yi. Labarin nan kuwa shi ne ya hana ni fita fitsari da dare a gidan kakata a nan Keffi, shekara talatin da wani abu da suka wuce. Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya ɓace a tsakani.

Labaran dai ba su ɓace ba. Tun 1885 Schön ya buga Magana Hausa, da labaran da ya ji daga bakin Dorugu. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Manjo Tremearne, da ya yi aiki a Jama'ar Darroro lokacin tana cikin Lardin Nasarawa tare da Keffi. Littafinsa na 1913 yana ɗauke da tatsuniyoyi 100, Dodo kuma ya leƙo a da yawa daga cikinsu. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya kai su aji da Tatsuniyoyi da Wasanni. Allah ya saka musu. Sai dai takarda labarin kawai ta iya ɗauka, dokokin zaman suka rage a tsakar gida.

Ku tuna yadda abin yake. Ba a tatsuniya da rana. An ce mai yi zai ɓace a kasuwa, sai fa in ya fara ɗaure Gizo. Ke nan duhu wajibi ne. Tsohuwa ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, kun amsa ta zo mu ji ta. Da ka amsa, ka shiga, babu tashi sai an yi ƙurunƙus. In waƙa ta zo a tsakiya, ku ne 'yan amshi, wato da bakinka kake kiran abin da kake tsoro.

Kakata tana da wata da take ja mana rai da ita: yarinyar da ta ƙi samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, ashe Dodo ne ya yi aron jiki. A hanya yana mayar wa masu shi ɗaya bayan ɗaya. Nan ya ba da ƙafa, can hannu, gaba kuma haƙora. Duk mun san inda za a ƙare. Tsoron yana cikin lissafin, saura nawa. A daidai nan take tsayawa ta gyara lagwanin aci-balbal, ba gaggawa, mu kuwa numfashi ya tsaya.

Abin da ya ba ni mamaki, masu ƙirƙirar wasannin labari na kan tebur a Amurka wannan hanyar suka biyo. A wasannin, mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya zama wani a ciki, dayis irin na lido ke yanke hukunci. Dungeons & Dragons ya buɗe fagen a 1974. A 1981 Sandy Petersen ya fito da Call of Cthulhu, inda hankalin ɗan wasa yake da maki, duk abin firgita da ya gani ana iya rage masa, yana kallo yana ƙarewa. Wasan Dread ya ajiye dayis ya ɗauko hasumiyar katakai ta Jenga: duk kasadar da za ka yi sai ka zare katako ɗaya, wanda ta rushe a hannunsa an fitar da shi daga labarin. Ten Candles na 2015 da kyandir goma ake yin sa a ɗaki mai duhu, suna mutuwa ɗaya ɗaya. Ni dai da na ji wannan, lagwanin kakata na tuna.

Shi ya sa zan kawo shawara a taronmu na gaba cewa zaman yara na hutu mai zuwa a mayar da shi bayan sallar Isha'i, a ajiye wayoyi a bakin ƙofa, fitila ɗaya tak. Littafi kuma a bar shi a gida. Wanda ke da tsohuwa a unguwarsu da har yanzu ta riƙe waƙoƙin cikin tatsuniya, don Allah ya sanar da ni, mu je mu gaishe ta mu nemi alfarma.