Daga Kan Roba Zuwa Bakin Majinyaci: Nazarin Horon Asibiti na Ɗaliban Tsaftar Haƙori

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da ɗalibar tsaftar haƙori ke fuskanta idan ta bar ɗakin gwaji ta fara aiki a bakin mutum. Ta dogara da rubuce-rubucen masana da bibiyar matakan aikin kansa, kuma an ɗora ta a kan ra'in Miller (1990). An gano cewa tushen wahalar wannan zango shi ne, mafi muhimmancin aikin a ƙarƙashin dasashi ake yin sa, inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka koyon ɗaliba da auna ta duk sun rataya a kan jin yatsa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1913 ne likitan haƙori Alfred Fones ya buɗe makarantar farko ta wannan sana'a a garin Bridgeport na jihar Connecticut, a Amurka. Kafin nan ya horar da mataimakiyarsa Irene Newman, wadda ta zama ta farko da ta karɓi lasisi a 1917. A Nijeriya horon ya faro a Legas cikin shekarun 1950, daga baya kwalejin tarayya da ke ba da shi ta koma Inugu, kuma an kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan rajista a 1993. Buƙatar su ba ƙarama ba ce: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, kimanin biliyan 1 daga ciki kuwa cutar dasashi mai tsanani ce ke damun su.

2.0 Ra'in Bincike

George Miller ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, sai aikatawa. Kan roba da ɗalibai ke koyo a kansa, wanda Oswald Fergus ya fara ƙirƙirowa a 1894, iyakarsa hawa na uku. Yana koyar da riƙon kayan aiki da zama daidai, amma ba shi da yawu, harshensa ba ya ture madubi, ba ya jini, ba ya kuma zabura idan an taɓa masa inda ke ciwo.

3.0 Jin Yatsa

Aikin farko da ke jiran ɗaliba shi ne awon dasashi. Tana cusa wani siririn tsinken ƙarfe mai zanen milimita tsakanin haƙori da dasashi don sanin zurfin wurin. Lafiyayyen dasashi zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Abin da ya haura haka alama ce ta aljihun cuta. Ana auna wurare 6 a kowane haƙori, wato wurare 168 a bakin da ke da haƙora 28. Nauyin da aka yarda ta danna shi ne giram 20 zuwa 25. Wannan adadi yana da sauƙin haddacewa, amma babu sikeli a hannunta. Idan ta sassauta, tsinken ba zai kai gindin aljihun ba, sai ta rubuta adadin da ya gaza gaskiya, cuta ta ɓoye. Idan ta danna da yawa, ta huda naman da ya riga ya kumbura, adadin ya zarce, majinyaci kuma ya sha zafi. Sabon shiga yawanci sassautawa yake yi, don ganin jini na farko yana sa hannu ja da baya, alhali jinin shaidar kumburin dasashi ne, kuma yana cikin abin da ake so a rubuta.

Kankarar daskararren datti ta fi wannan wuya. Wanda ke saman dasashi ana ganin sa, fari-fari ko rawaya, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa, kusa da mafitar yawu. Na ƙarƙashi kuwa baƙi-baƙi ne, ya manne a jikin saiwa, kuma da lalube ake gano shi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa ido rufe. Ɗan karkarwar da ke biyo ƙarfe zuwa yatsa ita ce za ta gaya mata ko datti ne, ko gefen ciko, ko dai kaushin saiwar ne kawai. Makankaran Gracey, waɗanda aka ƙera a shekarun 1940, kowanne da ɓangaren bakin da aka yi shi dominsa, kuma baki ɗaya ne nasa mai yanka. Idan ɗaliba ta karkata shi ba daidai ba, maimakon ta ɓamɓare dattin sai ta goge samansa ya yi sumul. Wannan ya fi barinsa muni, don dattin da ya yi sumul ba ya jiyuwa a lalube na gaba, amma yana nan yana riƙe ƙwayoyin cuta.

Ga kuma madubi, wanda ke juya mata gaba da baya. Shi ya sa aikin da ƙwararriya ke gamawa a zama ɗaya yakan ci wa ɗaliba biyu ko uku. Ciwon wuya da na wuyan hannu, da aka san ma'aikatan wannan fage da su, a nan suke samo asali, lokacin da ɗaliba ke sunkuyawa don ta ga abin da ba zai ganu ba.

4.0 Malama da Ma'auninta

Tun da aikin ba ya ganuwa, hanyar duba shi ɗaya ce: malama ta sa nata ƙarfen ta lalubi inda ɗaliba ta wuce. Matsalar a nan take. Malamai biyu ƙwararru suna iya saɓawa da milimita ɗaya a aljihu guda, ko ɗaya ta ji saura inda ɗayar ta ce ya fita. Ɗalibar da aka yaba wa ranar Litinin aka kushe ranar Laraba a kan aiki iri ɗaya, abin da za ta koya shi ne halin kowace malama. A ganin wannan maƙala, wajibi ne malamai su riƙa zama suna daidaita hannunsu a kan baki ɗaya kafin kowane zango. Haka nan, cewa "akwai saura" ba gyara ba ne. Gyara shi ne malama ta ɗora hannunta a kan na ɗaliba, ta kai ƙarfen wurin, har ita ma ta ji.

Tsarin ƙidayar majinyata, inda sai ɗaliba ta cika wani adadi kafin ta zauna jarrabawa, yana ƙara dagula lamarin. Yana tabbatar da maimaici, wanda hannu ba ya ƙwarewa sai da shi, amma yana sa ɗaliba ta fifita bakin da zai cika mata lissafi a kan wanda ya fi buƙatar ta.

5.0 Majinyaci

Gwajin Harald Löe da abokan aikinsa a Denmak a 1965 ya nuna cewa mai lafiyayyen baki idan ya daina goge haƙori, dasashinsa yakan kumbura cikin kwana 10 zuwa 21, ya kuma warke idan ya koma gogewa. Ke nan duk wahalar kankara ta tashi a banza idan majinyaci bai sauya hali a gida ba, kuma ɗaliba ce za ta shawo kansa.

A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinya 'yar shekara ashirin da ke gaban sa'an mahaifinta. Da "Baba, a ɗan buɗe baki" za ta fara, kuma ba za ta ce masa bakinsa da datti ba. Hikimarta ita ce ta ɗora a kan asuwakin da ya riga ya saba da shi wajen alwala, ta nuna masa lungunan da ba ya kaiwa, sannan ta kawo zancen buroshi da makilin da rinin goro. A watan azumi da yawa sukan ɗage zuwa saboda gudun haɗiye ruwa, lissafin ɗaliba ya tsaya.

Mafi yawan ƙorafi kuwa bayan an gama yake zuwa: an wanke mini haƙori, ga shi yana girgiɗi, ga giɓi ya fito. Abin da ya faru shi ne cutar ta daɗe da cin ƙashin da ke riƙe haƙoran, daskararren dattin ne ya haɗe su ya cike tsakaninsu, cire shi kuma ya tona ɓarnar. Wannan bayani kafin a taɓa bakin ya kamata a yi shi, a ba majinyaci madubi ya ga dattin da idonsa, a faɗa masa haƙoran za su yi tsami na 'yan kwanaki idan ya sha ruwan sanyi. Ya dace a sa wannan zance cikin abin da malama ke ba wa maki, daidai da awon aljihu, kafin ta ba ɗaliba izinin ɗaukar makankari.