Rokokin da ake harbawa daga Labanan zuwa Isra'ila

A labarai mukan ce roka, wani lokaci mu ce makami mai linzami. To, ba abu ɗaya ba ne. Makami mai linzami ana sarrafa shi har ya kai inda aka nufa. Ita roka kuwa, da zarar ta tashi shi ke nan, tana iya faɗawa barikin soja, tana iya faɗawa gona ko gidan mutane.

Wadda ƙungiyar Hizbullah ta fi harbawa daga kudancin Labanan ita ce Katyusha, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Samfurinta na Grad yana cin kusan kilomita 20. A yaƙin kwana 34 na 2006, kusan roka 4,000 suka faɗa arewacin Isra'ila.

Wannan gajeren zango shi ya sa muke yawan ambaton kogin Litani, mai nisan kusan kilomita 30 daga iyaka. Ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1701 ya ce tsakanin kogin da iyaka kada kowa ya riƙe makami sai sojan Labanan da dakarun Majalisar. Ba a cika wannan sharaɗi ba.

Ranar 8 ga Oktoba 2023 Hizbullah ta koma harbi, tana cewa don goyon bayan Gaza ne. Kusan mutum 60,000 suka bar arewacin Isra'ila, martanin Isra'ila kuma ya raba sama da mutum miliyan ɗaya da gidajensu a Labanan. An tsagaita wuta ranar 27 ga Nuwamba 2024, bisa wancan ƙuduri na 2006.