Hirar masu icce da tarihin gawon gonakinmu

Bayan katangar lekol ɗinmu akwai wani fili inda masu amalanken jaki suke sauke icce, masu faskare kuma su zauna a inuwar bedi suna jiran aiki. Wata ranar Laraba da yamma na tsaya sayen ƙirare, sai na tarar hira ta yi daɗi. Wani saurayi yana kukan cewa yanzu sai ya fita tun kafin kiran salla, kuma ba ya dawowa sai rana ta take, jakinsa har ya rame. Wani ya ce shi matsalarsa a gida take, uwargida ta ce in ya sake kawo mata ɗanyar sabara mai hayaƙi, shi zai tuƙa tuwon. Aka yi dariya.

Wani dattijo da ke wasa gatarinsa ya bari suka gama, sannan ya ce: "Ku gode wa Allah, yara. Mu mun ga lokacin da mata ke girki da kara da kashin shanu. Mun ga lokacin da in gawo ya tsiro maka a gona, da kanka za ka tumɓuke shi tun yana ƙarami." Saurayin ya ce: "Haba Baba, gawo fa? Don me?" Ya ce: "Don in ya girma ba naka ba ne." Sai ya waiwayo gare ni: "Mushe, kai da ka yi boko, gaya musu in ƙarya nake."

Na ji kunya, domin abin da na sani bai kai nasa ba. Shekara da shekaru ina jagorantar yara dashen itatuwa, amma ban taɓa koya musu yadda aka yi manomi ya zama abokin gaban iccen gonarsa ba, ko yadda aka yi suka shirya. Abin da na tattaro tun daga ranar shi nake so in raba da ƴan uwana malamai da iyaye.

Kakanninmu sun san darajar gawo tun kafin a zo da boko. Shi ne iccen da ke zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin lif, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zubar taki ne, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashinsu a wurin. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na tsakiyar fili kyau. Tarihin baka na Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa doka mai tsanani a kan saran gawo, har ana cewa mai saransa yana iya rasa hannu ko ma kai.

Da Turawan Faransa suka kafa mulki, sai suka zo da wata fahimta dabam. A watan Yuli na 1935 suka fitar da dokar daji ta dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma. Dajin da ba wanda ke da takardar mallakarsa ya zama na hukuma, aka keɓe gandun daji, aka kuma jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. Bayan samun ƴancin kai a 1960 ba a sauya wannan tunani ba. Dokar daji ta 1974 ta bi sawun ta Turawa, kuma gawo, giginya, goruba da tsamiya suna cikin itatuwan da ta kare, ko da a cikin gonar mutum suka tsiro.

Niyyar mai kyau ce, amma ku duba yadda ta faɗo wa talaka. Gawon da ke gonarka, in ka sare reshe don gyaran rumbu ba tare da takarda ba, tara. In wani ya zo da dare ya sare, da safe kai za a tambaya. To, wa zai yi renon abin da ba zai amfane shi ba sai dai ya jawo masa biyan kuɗi? Wannan ne dattijon nan yake nufi. A daidai lokacin kuma gyaɗa ce ke kawo kuɗin haraji a Maraɗi da Damagaram, masu koyar da noman zamani suna cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, aka cire kututture don garmar shanu ta wuce. Manomin da ya bar sabara da kalgo a gonarsa sai a kira shi rago. Doka ta tura daga nan, tsoron gori ya tura daga can, jama'a na ƙaruwa, saura na ƙarewa, gonaki suka zama fili fetal.

Sai fari ya zo. Na 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba iyaka, na 1984 kuma, wanda mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a lokacin, ya kori garuruwa zuwa birane. Tsofaffi suna ba da labarin yadda iska ke tasowa farkon damina ta binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu kafin ta kama.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da 3 ga watan Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama ranar dashen icce. A shekarar ce kuma aka fara dasa layukan bedi don tare iska a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, aikin da ya yi nasara ƙwarai. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa. Aikin Keita ma a wannan shekara ya soma. Sai dai a wurare da yawa dashen bai yi albarka ba: a dasa da damina, awaki su cinye da rani, abin da ya saura ƙishirwa ta kashe. Iccen da ake kira na kowa, ba wanda ke ɗebo masa ruwa.

A cikin wannan hali ne wani ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ke aikin gona da ƴan mishan a Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa. A 1983, yana kan hanyar kai ƴan itatuwan dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya duba wani ɗan kurmi a bakin hanya ya gane cewa toho ne daga kututturen iccen da aka sare. Saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Abin da ake bukata kawai, lokacin sassabe, maimakon a sare tohon duka a ƙone, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage musu rassan ƙasa, a kare su. Wannan ne manoman Maraɗi suka raɗa wa suna sassabin zamani.

Da farko dariya aka yi masa. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona, mutane suka bi don dole, kuma da abincin ya ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta rage binne shuka, ga ƙirare a kusa, ga abin ba dabba, ga sandar sayarwa in bukata ta taso. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A ƙasar Damagaram kuwa, wajen Magarya, Matamai da Mirya, manoma da kansu suka koma ga al'adar kakanni ta renon gawo, ba tare da wani babban aiki ya zo da kuɗi ba. A Ɗan Saga, ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa har da mata da makiyaya a ciki.

Doka ma ta biyo baya a hankali. A 1992 aka kafa tsarin kasuwannin icce na karkara, inda mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da daji suke sara bisa ƙa'ida, su sayar wa masu motoci, wani kaso na harajin ya tsaya a garinsu. Dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, yana cikin wuraren da aka san wannan tsari. Aka yi sabuwar dokar daji a 2004, sannan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan iccen da ya rena a gonarsa. Masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou da Chris Reij ɗan Holan, sun kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Duniya ta san wannan labari, ƴaƴanmu da ke kiwo a ƙarƙashin itatuwan ba su sani ba.

Kada wannan ya sa mu saki jiki, domin kukan saurayin nan mai jaki gaskiya ne. A 1960 mu wajen miliyan 3 ne, ƙidayar 2012 ta sami sama da miliyan 17, kuma har yau mafi yawan tukwanenmu a kan icce suke. Matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011, gas ya shiga gidaje da dama a birni, amma Yamai, Maraɗi da Damagaram ba su daina cin daji ba. Manomi ya rena gawo shekara goma, ɓarawon dare ya sare shi cikin awa guda. In haka ta yawaita, zai koma lissafin ubansa na cewa reno asara ne.

Ga abin da nake gani ya rataya a wuyanmu. Na tambayi ajina su kawo sunayen itatuwan daji goma, kaɗan ne suka wuce biyar, wasu ba su iya bambanta geza da taramniya ba. Malamai, mu fitar da yara gonar da ke kusa lokacin sassabe, mu roƙi mai gonar ya nuna musu yadda ake zaɓen toho. Mu bar ƙirga abin da muka dasa ranar 3 ga Agusta, mu ƙirga abin da ya rayu zuwa watan Mayu. Iyaye, in kun aiki yaro ƙirare, ku koya masa rage reshe ya bar uwar, kuma ya san iccen gonar wani dukiyar wani ce, kamar akuyarsa.

Na koma wurin dattijon nan na gaya masa ba ƙarya ya yi ba, na kuma roƙe shi ya zo ajina ya ba yara labarin da bakinsa. Ya ce: "Mushe, ni da ban san ko bihim ba?" Na ce masa darasin nan shi ne malaminsa. Ya amince, da sharaɗin a bar shi ya gama faskaren safe tukuna.