Gidan Makama da Masu Hakki a Kansa

Gidan Makama na Kano, wanda riwaya ta danganta gininsa ga zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya zama ofishin Nasara bayan sun ci birnin a 1903, daga bisani kuma aka kasa shi uku: gidan tarihi, makarantar firamare, da sashen zama. Alhali kuwa ginin ƙasa, wanda damina ke zaizaye katangarsa duk lokacin da indararo ya toshe ko yaɓe ya jinkirta, ba ya jure saɓani tsakanin masu hakki, domin sai hukumar kayan tarihi da masarauta sun yi ittifaƙi, sun saurari magina masu ilmin tubali da azara, kafin gyara ya inganta. Siminti kuwa, a ganina, zalunci ne ga irin wannan bango.