Musabahar 1993: yadda yarjejeniyar Oslo ta mutu a tsaye

1/ Jiya da dare musu ya kaure a ɗakinmu a kan hoton nan na Yasser Arafat da Yitzhak Rabin suna musabaha, Bill Clinton ya buɗe hannuwa a bayansu. Wani ya ce ranar ce Arafat ya sayar da Falasɗinu. Wani ya ce ai Falasɗinawa ne kullum ke ƙin sulhu. Har aka ɗauke wuta ba a rabu ba. Bari in zubo nawa a zare, yana da tsawo, a yi haƙuri.

2/ Sai mun ɗan koma baya. A 1917 Birtaniya, ta bakin ministanta Arthur Balfour, ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu. A ƙidayar 1922 Yahudawa kusan kashi 11 cikin 100 ne na mutanen ƙasar. Ƙaura ta yi ta ƙaruwa, musamman da Hitler ya hau mulki, sannan aka hallaka Yahudawa miliyan 6 a Turai.

3/ Ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a raba ƙasar biyu. Yahudawa, da suke kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, aka ba su kimanin kashi 56 na ƙasa. Suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Aka gwabza yaƙin 1948, Isra'ila ta tashi da kashi 78. Falasɗinawa sama da 700,000 aka kora ko suka gudu, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Ita ce Nakba.

4/ Ragowar kashi 22, wato Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Zirin Gaza, Isra'ila ta mamaye su cikin kwana shida a Yunin 1967. Ku riƙe lambar nan ta 22, duk cinikin da aka yi daga baya a kanta aka yi.

5/ Disambar 1987 wata motar ɗaukar kaya ta Isra'ila ta kashe Falasɗinawa huɗu a Gaza, sansanin Jabaliya ya ɗauki wuta, Intifada ta farko ta fara. Yara da duwatsu, sojoji da bindiga. A watan ne aka kafa Hamas. Shekara ta zagayo, a Nuwamban 1988, Arafat ya ayyana ƙasar Falasɗinu daga Aljiyas, ya kuma nuna ya yarda da ƙasa biyu. Najeriya da Nijar na cikin waɗanda suka amince da ita tun a watan.

6/ To me ya kai su Oslo? Gajiya, kowa da irin tasa. Arafat na zaune a Tunis, Tarayyar Sobiyet ta rushe, ga shi ya jingina da Saddam a yaƙin Kuwait, ƙasashen Larabawa masu kuɗi suka rufe masa aljihu. Ita kuma Isra'ila Intifada ta nuna mata cewa riƙe mutanen nan da ƙarfi ba arha ba ne. Rabin ya ci zaɓen 1992 da alkawarin sasantawa.

7/ A Janairun 1993 aka fara zama a ɓoye a Norway. Abin mamaki, a farko ba ma jami'an gwamnati Isra'ila ta tura ba, malaman jami'a biyu ne, Yair Hirschfeld da Ron Pundak. A ɓangaren PLO akwai Ahmed Qurei, wanda aka fi sani da Abu Alaa. Tawagar Falasɗinawa da ke tattaunawa a fili a Washington, ƙarƙashin Haidar Abdel-Shafi, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

8/ Ga inda nake so a nutsu. Kafin bikin, an yi musayar wasiƙu. PLO ta amince Isra'ila na da haƙƙin wanzuwa cikin aminci, ta kuma yi watsi da ta'addanci. Me Rabin ya mayar? Ya amince PLO ce wakiliyar al'ummar Falasɗinu. Shi ke nan. Ɗaya ya amince da ƙasa, ɗaya ya amince da ƙungiya.

9/ Takardar da aka sa wa hannu ranar 13 ga Satumba 1993, ko'ina a cikinta ba a ce za a kafa ƙasar Falasɗinu ba. Abin da ta ce: mulkin wucin gadi na shekara biyar, daga baya a zauna a kan Ƙudus, 'yan gudun hijira, matsugunan Yahudawa, iyakoki da tsaro. Wato duk abin da ake faɗa a kansa aka tura gaba.

10/ Hujjar masu wannan tsari ba ta wauta ba ce, a yi musu adalci. Sun ce mutanen da suka shekara arba'in da wani abu suna kashe juna ba za su raba Ƙudus a zama ɗaya ba, a fara da ƙanana, yarda ta ginu. Da kowa ya tsaya cak a inda yake, wataƙila da ta yi aiki.

11/ Amma ba a rubuta ƙarara cewa a daina gina matsugunai ba. Wannan ne abin da Abdel-Shafi ya kafe a kai a Washington, aka zagaye shi ta Oslo. Ka ɗauka gonar gado ce kuke shari'a a kai da ɗan'uwanka, alƙali ya ce ku dawo nan da shekara biyar, shi kuwa kullum yana sauke bulo a tsakiyar gonar. Ranar da za ku dawo, me ya rage a raba?

12/ A lamba: a 1993 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma, ban da Gabashin Ƙudus, kusan 110,000 ne. Zuwa 2000 sun doshi 200,000. A shekarun da ake kira na zaman lafiya ke nan fa, har da zamanin gwamnatocin Labour. Yau idan aka haɗa da Gabashin Ƙudus sun haura 700,000.

13/ Edward Said ya hango wannan tun a Oktoban 1993, ya kwatanta yarjejeniyar da miƙa wuya irin na Versailles. Mutane da yawa a lokacin suka ɗauke shi mai ɓata biki. A Gaza kuwa an fito murna, wasu har da rassan zaitun. Ban ga laifinsu ba, mutumin da soja ya daɗe a ƙofar gidansa ko alkawari aka yi masa zai yi rawa.

14/ Sai masu ƙin sulhun na kowane ɓangare suka shiga aiki. 25 ga Fabrairu 1994, cikin Ramadan, ana sallar asuba a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron, wani likita ɗan kama-wuri-zauna, Baruch Goldstein, ya buɗe wuta ya kashe masallata 29. Bayan haka Falasɗinawan garin aka ƙaƙaba wa dokar hana fita, 'yan kama-wuri-zauna suka ci gaba da zamansu.

15/ A Afrilun shekarar Hamas ta kai harin ƙunar baƙin wake a Afula, aka kashe mutum 8 a tashar bas. Daga nan bama-bamai a motocin haya suka zama ruwan dare. Na san wasu ba sa son a ambaci wannan ɓangaren, to amma tarihi ne. Fararen hula ne a bas ɗin nan, kuma kowane bam ƙuri'a ce ga masu cewa kada a ba Falasɗinawa ko taki ɗaya.

16/ Oslo ta biyu, Satumbar 1995, ta yanka Gaɓar Yamma gida uku. Yankin A a hannun Hukumar Falasɗinu, B na haɗin gwiwa, C kacokan a hannun Isra'ila. C ɗin nan kusan kashi 60 ne, kuma shi kaɗai ne a haɗe. A da B tsibirai ne warwatse a cikinsa, kafin ka je garin gaba sai ka bi ta shingen soja. Harajin kayan da ake shigowa da su ma Isra'ila ce ke karɓa ta miƙa wa Hukumar, ranar da ta yi fushi ta riƙe.

17/ 4 ga Nuwamba 1995, Rabin ya gama jawabi a gangamin zaman lafiya a Tel Aviv, Yigal Amir ya harbe shi. Bayahude ne, ɗalibin shari'a, shekararsa 25. Kusan sa'anmu. Ina ganin kaɗan ne a tarihi cikin masu kisan siyasa suka samu biyan buƙata kamar yaron nan.

18/ Janairun 1996 Isra'ila ta kashe Yahya Ayyash, mai haɗa wa Hamas bama-bamai, da wayar hannu. Ramuwar da ta biyo baya a Fabrairu da Maris ta ci kusan mutum 60. Shimon Peres da ke gaba da rata mai yawa ya zame, Netanyahu ya kayar da shi a watan Mayu da tazarar ƙuri'a kusan 30,000. Mutumin da ya gina sunansa a kan adawa da Oslo shi aka damƙa wa aiwatar da ita.

19/ Camp David ta Yulin 2000, a nan abokin musuna ya fi ƙarfi. Gaskiya ne Ehud Barak ya yi tayin da wani firaministan Isra'ila bai taɓa yi ba, gaskiya ne kuma Arafat bai karɓa ba. Sai dai idan Ba'isra'ile ya ce na ba ka kashi 90 da wani abu, Bafalasɗine na jin kashi 90 na 22 ɗin da ya rage masa ne. An tashi baram-baram a kan ikon Harabar Al-Aƙsa da batun 'yan gudun hijira.

20/ A Taba, Janairun 2001, sun fi kusantar juna fiye da kowane lokaci. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: Sharon ya shiga harabar Al-Aƙsa tun 28 ga Satumba, Intifada ta biyu na ci, Clinton ya sauka, Barak na dab da faɗuwa zaɓe. Wannan zagayen ya ci Falasɗinawa kusan 3,000 da Isra'ilawa kusan 1,000.

21/ Maris 2002 a Beirut ƙasashen Larabawa suka yi tayi: Isra'ila ta koma iyakar 1967, a kafa Falasɗinu da babban birni a Gabashin Ƙudus, su kuma duka su ƙulla hulɗa da ita. A daren da aka buɗe taron, bam ya tashi a wani otal a Netanya ana cin abincin idin Yahudawa, mutum 30 suka mutu. Bayan kwana biyu tankoki suka shiga Ramallah. Isra'ila ba ta taɓa karɓar tayin ba.

22/ Sauran kun fi saninsa. Janyewa daga Gaza a 2005, Hamas ta ci kujeru 74 cikin 132 a 2006, ta ƙwace Gaza a 2007, ƙawanya ta biyo. Yarjejeniyar Abraham a 2020 ta tsallake Falasɗinawa gaba ɗaya. Sai 7 ga Oktoba 2023, aka kashe kusan mutum 1,200 a Isra'ila aka kama kusan 250. Sai Gaza, inda ma'aikatar lafiya ta ƙirga gawa sama da 60,000 kafin ƙarshen Yulin 2025. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

23/ Abin da ya tsaya min a rai shi ne kwatanta Oslo da yarjejeniyar Masar da Isra'ila ta 1979. An kashe Sadat a 1981, gwamnatoci sun zo sun wuce, yarjejeniyar na nan. A ganina dalili shi ne tun ranar farko an faɗi ƙarshen magana: Sinai duka ta koma hannun Masar, ga iyaka, ga rana. A 1982 sojojin Isra'ila da kansu suka kwashe mutanensu daga Yamit. Oslo kuwa an hau mota ba a faɗi tashar sauka ba.

24/ Bambanci na biyu, Masar ƙasa ce mai soja, ta nuna hakan a 1973. Tsakanin mai mamaya da wanda aka mamaye kuwa, idan ba wani na uku da zai tilasta, mai ƙarfi ne ke fassara kowane layi. Amurka ce mai shiga tsakani, ita ce kuma ke ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 duk shekara.

25/ To akwai fata? A takarda Falasɗinu ba ta taɓa ƙarfi kamar yanzu ba. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta ce mamayar haramtacciya ce. A Satumbar 2025 Faransa da Kanada da Ostireliya, har da Birtaniyar Balfour, suka amince da ƙasar Falasɗinu. A ƙasa kuwa, a watan nan na Yulin 2024 majalisar Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a 68 da 9 cewa ba ta yarda a kafa ta ba.

26/ Masu cewa a yi ƙasa ɗaya kowa da ƙuri'arsa suna da hujja, don tsakanin kogi da teku Yahudawa da Falasɗinawa sun kusa kunnen doki, kowa miliyan 7 da 'yan kai. Ni dai ban ga yadda mutanen da suka kasa rabuwa lafiya za su haɗa soja ɗaya gobe ba. Idan za a sake zama, ina ganin dole a juya Oslo: a fara zana iyaka, a tsayar da bulo a ranar, a sa wanda zai hukunta mai saɓawa ko wane ne.

27/ Kuma wa zai sa hannu a madadin Falasɗinawa? Gida a rabe yake tun 2007. Marwan Barghouti, wanda ƙuri'un jin ra'ayi ke yawan nuna shi a gaba, yana kurkukun Isra'ila tun 2002. Ba a sake zaɓen majalisa ba tun 2006.

28/ Af, na manta ban faɗa ba: a bikin nan na 1993 ba Arafat da Rabin ne suka sa hannu a takardar ba, su musabaha suka yi. Peres ne ya sa, da Mahmoud Abbas. Abbas ɗin da iyalinsa suka gudu daga Safad a 1948 yana ɗan shekara 12 ko 13. An zaɓe shi a 2005 don ya yi shekara huɗu, har yau shi ne shugaban hukumar wucin gadin da wa'adinta ya cika tun 4 ga Mayu 1999.

29/ Wanda ya ga na yi kuskure a wata lamba ko rana ya gyara min a ƙasa. Ina da lakca ƙarfe takwas, sai da safe.