Cinikin cikin gida: Kasuwar matan Zariya marar rumfa

Cinikin cikin gida sana'a ce da matan aure ke yi ba tare da sun fita kasuwa ba. A Chikaji da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, mata kan sayi gyaɗa da gero da wake, su sarrafa su zuwa ƙuli-ƙuli, mai, fura da ƙosai. Jarin yakan fito daga adashi. A fiƙihun Malikiyya ribar ta matar ce, domin ciyarwa tana wuyan miji. Galibi takan tafi ga kayan ɗakin 'ya'ya, kuɗin makaranta da magani. A 1969, bayan bincikenta a Ɓatagarawa ta Katsina, masaniya Polly Hill ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Babbar illarsa ita ce talla, wadda kan raba yarinya da aji.