Horar da masu aikin lantarki kan girka wuraren cajin motocin lantarki

Horar da masu aikin lantarki kan girka wuraren cajin motocin lantarki wani ƙarin horo ne da ake bai wa ƙwararrun masu aikin wayarin domin su iya tsarawa, girkawa, gwadawa da kuma kula da na'urorin da ake cajin motoci masu amfani da batir da su. Horon ba na sabon shiga ba ne. Ana ɗora shi ne a kan sana'ar da mutum ya riga ya koya, kuma a yawancin ƙasashe sai mai takardar shaidar aikin lantarki ake ɗauka. A Birtaniya, Faransa da Amurka an tsara masa manhaja da jarrabawa, a wasu wuraren ma doka ta hana a ba wanda bai yi shi ba aikin girka caja, ko a biya shi daga kuɗin gwamnati.

Dalilin keɓe masa horo

Wurin cajin mota ya bambanta da soket na cikin gida ta fuskoki uku.

Na farko shi ne nauyin wutar da yake ja da tsawon lokacin da yake jan ta. Cajar gida da ake yawan amfani da ita a Turai tana jan amfiya 32 a kan volt 230, wato kimanin kilowat 7.4. Butar dafa ruwa ta lantarki ba ta wuce kilowat 2 zuwa 3, kuma cikin 'yan mintuna take gamawa. Ita kuwa mota mai batir ɗin da ke ɗaukar kilowat-awa 60 tana buƙatar kusan sa'o'i takwas a kan irin wannan caja kafin ta cika, galibi da daddare mutanen gida na barci. Idan waya ta yi ƙanƙanta, ko wani mahaɗi bai ɗauru sosai ba, zafi zai riƙa taruwa a wurin har roba ta narke, daga nan gobara na iya tashi.

Na biyu, jikin mota ƙarfe ne, kuma yawanci a waje ake cajin ta. Mutumin da ya taɓa ta yana tsaye ne a kan ƙasa, wani lokaci ƙasar a jiƙe. Saboda haka matsalar da ba za ta cutar da kowa a cikin ɗaki ba tana iya kashe mutum a bakin gareji.

Na uku, batirin mota da wutar DC yake aiki, alhali wutar da ke shigowa gida ta AC ce. Wani ɓangare na wutar DC na iya zurarewa baya ya shiga wayoyin gida, ya hana na'urorin kariya na yau da kullum yin aikinsu.

Nau'o'in caji

Ƙa'idar IEC 61851 ta hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya ta raba caji gida huɗu. A hanya ta farko ana jona motar kai tsaye da soket ba tare da wata kariya a jikin wayar ba, kuma ƙasashe da dama sun hana ta. A ta biyu wayar tana ɗauke da wani ɗan akwati mai na'urar kariya. Ta uku ita ce cajar AC da aka kafa dindindin a bango ko a kan turke, mai ƙarfin kilowat 7.4 a layi ɗaya, ko 11 zuwa 22 a layi uku. Ta huɗu ita ce cajar DC mai sauri, wadda ke juya wutar a cikinta kafin ta aika wa batir, ƙarfinta daga kilowat 50 zuwa 350. Yawancin kwasa-kwasan farko sun fi mayar da hankali kan hanya ta uku, ta huɗu kuwa ana keɓe mata mataki na gaba.

Ana kuma koya wa ɗalibai bambancin kawunan filogi. A Turai ana amfani da Type 2 da CCS2. A Arewacin Amurka akwai J1772 da CCS1, sai kuma NACS wanda kamfanin Tesla ya ƙirƙira. CHAdeMO daga Japan ya fito, Sin kuma tana da nata tsarin mai suna GB/T.

Abubuwan da ake koyarwa

Binciken wuri da lissafin nauyi. Kafin a huda bango, mai girkawa yana duba girman fis ɗin da ke kusa da mita, kaurin wayar da ta shigo gidan, da jimillar wutar da kayan gidan ke ja a lokaci guda. Gidan da fis ɗinsa na amfiya 60 ne, idan aka ƙara masa cajar amfiya 32 a kan murhun lantarki da na'urar dumama ruwa, yana iya wuce iyaka. A irin wannan hali ko dai a nemi kamfanin rarraba wuta ya ƙara ƙarfin layin, ko a sa wani ma'auni a jikin babbar wayar gidan wanda zai riƙa rage wa caja wuta duk lokacin da sauran kayan suka ƙara ja.

Zaɓen waya da bureka. Kowace caja tana samun layinta daban tun daga allon rarraba wuta. Kundin dokokin lantarki na Amurka, NEC, a sashe na 625, yana ɗaukar caja a matsayin nauyi mai ɗorewa, don haka dole waya da bureka su iya ɗaukar kashi 125 cikin 100 na abin da take ja. Cajar amfiya 40 tana buƙatar bureka mai amfiya 50, ta amfiya 48 kuma mai 60. Ana la'akari da tsawon wayar, domin ƙarfin wuta yana raguwa da nisa, da kuma zafin wurin da za ta bi.

Kariya daga zurarewar wuta. Na'urar RCD tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan ta ga giɓin da ya kai miliamfiya 30, alamar wuta na bi ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke nan take. Amma idan wutar DC da ta haura miliamfiya 6 ta ratsa RCD na yau da kullum, tana iya dakushe shi ya kasa ganin giɓin. Shi ya sa ake amfani da RCD nau'in B, ko kuma nau'in A tare da wata na'ura da ke yanke caji da zarar zurarewar DC ta kai miliamfiya 6. Cajoji da yawa suna zuwa da wannan na'urar a cikinsu, kuma aikin mai girkawa ne ya tabbatar daga takardun kamfani.

Wayar ƙasa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar lokaci a kwasa-kwasan Birtaniya. A gidaje da yawa na ƙasar, wayar nutiral da wayar ƙasa a haɗe suke zuwa daga taransifoma a matsayin waya ɗaya mai suna PEN, sai a bakin gida ake raba su. Idan wannan waya ta tsinke a titi, duk ƙarfen da aka haɗa da wayar ƙasa ta gidan, har da jikin motar da ke caji, yana iya ɗaukar wuta kusan ta volt 230. Wanda ya taɓa motar alhali ƙafarsa na ƙasa, wutar za ta bi ta jikinsa. Hanyoyin kariya sun haɗa da kafa wa cajar sandar ƙarfe tata a cikin ƙasa a raba ta da tsarin gidan, ko amfani da caja mai gane tsinkewar. A tsarin Birtaniya, irin wannan caja tana yanke dukkan wayoyinta, har da ta ƙasa, cikin daƙiƙa biyar idan ƙarfin wuta ya yi ƙasa da volt 207 ko ya haura 253.

Sadarwa tsakanin mota da caja. A cikin filogi akwai wata siririyar waya da mota da caja ke gane juna ta cikinta. Idan babu mota, caja tana ajiye volt 12 a kanta. Da an jona mota sai ya sauka zuwa 9, idan motar ta shirya karɓar wuta ya koma 6, kuma sai a lokacin ne caja ke sakin babbar wuta. Ta wannan wayar ce kuma caja ke sanar da mota iyakar amfiyan da za ta iya ja. Fahimtar waɗannan matakai ne ke taimaka wa mai gyara ya gano ko laifin na mota ne, na waya ko na caja.

Gwaji da miƙa aiki. Bayan an gama, ana gwada ingancin robar wayoyi, haɗuwar wayar ƙasa, da saurin yankewar RCD. Ana amfani da wata na'ura da ke kwaikwayon mota, domin caja ba ta sakin wuta sai ta ga an jona mata. Daga nan a haɗa cajar da intanet idan mai buƙatar haka ce, a cike takardar shaida, a nuna wa mai gida yadda ake amfani da ita.

Tsarin horon a wasu ƙasashe

Birtaniya

Kundin ƙa'idojin wayarin na ƙasar, BS 7671, ya samu sashe na 722 kan cajin motoci a gyaran 2013, aka sake gyara sashen a 2020. Cibiyar injiniyoyi ta IET ta fara buga littafin jagora kan girka cajoji a 2012, bugu na biyar ya fito a 2023, kuma shi ne ginshiƙin yawancin kwasa-kwasan. Hukumar jarrabawa ta City & Guilds ta fara da kwas mai lamba 2919, daga baya ta maye gurbinsa da 2921, wanda ya tsaurara sharuɗɗan shiga ta yadda sai cikakken mai aikin lantarki ake ɗauka. Kwas ɗin gidaje da ƙananan wuraren kasuwanci yakan ɗauki kwana biyu. Buƙatar masu wannan horo ta ƙaru daga watan Yuni na 2022, lokacin da dokar gini ta Ingila ta wajabta sa caja a sababbin gidaje masu wurin ajiye mota. A wannan watan ne kuma dokar cajoji masu wayo ta fara aiki, wadda ta ce a saita sababbin cajojin gida su kauce wa lokutan da aka fi jan wuta, sai dai idan mai su ya canja.

Faransa

Wata dokar gwamnati ta ranar 12 ga Janairu, 2017 ta ce duk cajar da ta haura kilowat 3.7 sai mai shaidar IRVE zai girka ta. Horon yana da matakai uku: P1 na cajojin AC marasa haɗi da na'urar sa ido, P2 na cajojin AC masu sadarwa kamar na gidajen haya da ofisoshi, P3 kuma na cajojin DC masu sauri. Ƙungiyoyi irin su Qualifelec da AFNOR ne ke ba da shaidar.

Amurka

Shirin da ya fi shahara shi ne EVITP, kwas na kimanin sa'o'i 20 da jarrabawa a ƙarshe. Ana ɗaukar mai lasisin jiha, ko wanda ya nuna shaidar aikin hannu na sa'o'i 8,000 a jihohin da ba sa ba da lasisi. Dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 5 ga shirin NEVI domin kafa cajoji a manyan hanyoyi. Ƙa'idojin shirin da suka fito a 2023 sun ce masu aikin lantarkin da za su girka ko su kula da waɗannan cajoji su kasance masu shaidar EVITP, ko waɗanda suka kammala koyon sana'a mai rajista da ya ƙunshi horon caja.

Najeriya

Motocin lantarki sababbi ne a Najeriya. A ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, a 2021 kuma hukumar NADDC ta buɗe wurin caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sannan ta kafa irinsa a Jami'ar Legas da Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara jawo hankali ga motoci, babura da Keke Napep masu batir. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba ayyukan lantarki da ba masu girkawa takardar shaida.

Najeriya na amfani da volt 230 kamar Birtaniya, amma yanayin aikin ya bambanta. Ƙarancin wuta da yawan sauka da hawan ƙarfinta kan sa a haɗa caja da sola, inbata ko janareto, kuma kowannensu yana da yadda ake haɗa masa wayar ƙasa. Jadawalin kaurin waya a BS 7671 an gina shi ne a kan zafin digiri 30, alhali garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri sukan haura digiri 40 da bazara, don haka sai an ƙara kaurin wayar. Busasshiyar ƙasa mai yashi kuma tana rage amfanin sandar ƙasa a lokacin rani. Bugu da ƙari, motocin da ake shigowa da su daga Amurka, Turai da Sin kowacce da irin filoginta take zuwa.

Muhawara

An soki gajerun kwasa-kwasan da suka riƙa ɗaukar mutanen da ba su da cikakkiyar ƙwarewa a aikin lantarki, bisa hujjar cewa kwana biyu a aji ba ya maye gurbin shekarun koyon sana'a. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka tsaurara sharuɗɗan shiga a Birtaniya. A ɗaya ɓangaren, wasu 'yan kwangila a Amurka suna ganin wajabta EVITP ƙarin kuɗi ne da jinkiri ga mai lasisin da ya riga ya san sashe na 625.

Akwai kuma batun gyara. Lalacewar cajojin kan hanya ba kullum daga waya take ba, sau da yawa daga manhajar kwamfuta ce, ko hanyar biyan kuɗi, ko katsewar intanet. Ƙa'idojin NEVI sun ce kowace kafar caji ta kasance tana aiki fiye da kashi 97 cikin 100 na lokaci a shekara, abin da ya sa cibiyoyin horo suka fara ƙara darussan sadarwa da gano matsala a kan na girkawa.